"Exaggerate": kalmar ƙarin gishiri a Turanci, da inda ta rabu da ƙarya

Duk mai bin labarai da Turanci ya saba jin wannan jimla. An yi hatsari ko rikici, jaridu sun ba da adadin waɗanda abin ya rutsa da su, sai kakakin hukuma ya fito ya ce: "The figures are exaggerated." Sau da yawa mai fassara kan mayar da ita "hukuma ta ƙaryata labarin", alhali kuwa kakakin bai ƙaryata komai ba. Cewa ya yi an yi wa adadin ƙarin gishiri. Ke nan ya amsa cewa abin ya faru, yawan ne kawai yake jayayya a kai. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riga ya kama rabin kalmar "exaggerate".

Asalinta daga Latin ne. "Agger" na nufin tsibi, musamman tudun ƙasar da sojojin Rum kan tara a kewayen sansaninsu a matsayin ganuwa, "exaggerare" kuma tara abu har ya yi tsibi. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16 da wannan ma'ana ta tarawa, kafin ƙarnin ya ƙare ta koma nufin zuzuta magana, tsohuwar ma'anar kuma ta bi ruwa. Amma hoton bai ɓace ba. Kamar mai awo ne da ya cika mudu ya ci gaba da zubawa har ya yi tozo: hatsin na gaske ne, mudun ma na gaske ne, tozon shi ne ƙarin.

Daga nan sharuɗɗa biyu suka fito. Dole a sami tushe na gaskiya da za a ɗora ƙarin a kansa, kuma dole abin ya zama mai hawa-hawa, wanda zai iya ƙaruwa ko ya ragu. Shi ya sa kalmomin da ke bin ta a Turanci kusan kullum na awo ne: "size" girma, "number" yawa, "importance" muhimmanci, "risk" da "threat" haɗari da barazana, "role" rawar da mutum ya taka, "extent" iyakar inda abu ya kai. Abin da ba shi da tsaka-tsaki, ko dai ya faru ko bai faru ba, kalmar ba ta zama a kansa. A nan ne barkwancin marubucin Amurka Mark Twain ya samo daɗinsa. A 1897 yana zaune a Landan sai jita-jita ta bazu cewa ya rasu ko yana gargara, alhali wani ɗan'uwansa ne, James Ross Clemens, ya yi rashin lafiya. Da wakilin jaridar New York Journal ya tuntuɓe shi, sai ya rubuta masa cewa: "The report of my death was an exaggeration." Wato labarin mutuwarsa ƙarin gishiri ne. Mutuwa kuwa ba ta da kaɗan balle a ƙara mata. Yau an fi jin maganar da siffar "greatly exaggerated", wadda ba haka ya rubuta ba. Ita kanta maganar an yi mata ƙari a hanya.

Kalmar "lie" tana zargin mutum da niyyar yaudara. "Exaggerate" ba ta ce komai game da niyya ba. Mutum na iya zuzuta abu don tsoro, don zumuɗi, don ƙwaƙwalwarsa ta girmama abin bayan shekaru, ko kuma da gangan. Wannan sassauci ne ya sa 'yan siyasa da lauyoyi ke son ta. A zauren majalisar wakilan Birtaniya ba a yarda ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci ba, shugaban majalisa zai sa shi ya janye ko ya fita, amma ya ce masa yana "exaggerating" babu mai hana shi. Idan ana son a nuna nauyin zargin, bayanau ne ke ɗaukar aikin. "Slightly exaggerated" ɗan ƙari ne da ba ya ɓata labari. "Greatly" ƙari ne mai yawa, ba tare da ɗora laifi ba. "Grossly" da "wildly" kuwa akwai tsawatarwa a cikinsu, na farko yana cewa abin ya yi muni, na biyu yana cewa mai maganar ya saki linzami. Idan an ce "deliberately exaggerated" to an zo dab da cewa ƙarya aka yi, saura ƙiris.

Hausa ta fi Turanci rarrabe wannan fili, don haka fassara ɗaya ba ta wadatarwa. Idan labari ne aka ƙawata, ƙarin gishiri. Idan girman mutum ko darajar kaya ce aka ɗaga, zuzutawa ko kambamawa. Idan matsala ce aka hura don a tayar da hankali, kururutawa ko rurutawa. Idan mutum kansa yake ɗagawa, cika baki, wanda Turanci ya fi kira "boast". Wuce gona da iri kuma yawanci a aiki yake, ba a magana ba, kuma Bature zai ce "overdo" ko "go too far". Wanda ya ce "You exaggerated the pepper in the soup" yana nufin an cika barkono a miya, ya ɗauko kalmar da ba ta wurin ba.

Ɗaliban Nijar da suka fara da Faransanci su suka fi faɗawa wannan rami na ƙarshe, kuma da dalili. A Faransanci "exagérer" tana ɗauke da ma'anoni biyu. "Tu exagères" da ake faɗa wa wanda ya makara ƙwarai ko ya tsawwala farashi na nufin ka wuce gona da iri, ka yi yawa. Turanci bai gaji wannan ma'ana ba. Idan ka ce wa Bature "You are exaggerating" don ya ɓata maka lokaci, zai tsaya yana tunanin wace magana ya faɗa da ba daidai ba. Ga kuma rubutu: Faransanci g ɗaya, Turanci biyu.

Rubutun nata na cikin waɗanda ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Ƙa'idar ita ce x ɗaya, g biyu, r ɗaya, kuma wasalin da ke bin g biyun e ne. Kurakuran da aka fi gani su ne "exagerate", "exaggarate" da "exxagerate". G biyun ba ado ba ne: "agger" ta samu ne daga haɗa "ad" da "gerere", wato kawowa wuri guda, sai d ta rikiɗe ta zama g saboda maƙwabciyarta.

Furucin kuwa gaɓa huɗu ne, ig-ZA-ja-reit, nauyin murya a kan ta biyu. Wurare biyu ne harshe ke tuntuɓe. Harafin x a nan "gz" ake furta shi, ba "ks" ba, domin wasali mai nauyin murya ne ke biye da shi, kamar a "exam", "example" da "exact". A "exercise", inda nauyin ke kan gaɓar farko, "ks" ɗin yana nan. Sai g biyun, waɗanda ake furtawa kamar j ta "jaki". Wanda ya ce "eksagaret" ya karanta haruffa ne, bai furta kalmar ba. A sunan, "exaggeration", gaɓoɓin sun zama biyar kuma nauyin ya matsa zuwa ta huɗu: ig-za-ja-REI-shan.

Ta fuskar nahawu, aikatau ce da ke iya tsayawa ita kaɗai ko ta ɗauki karɓau. "Don't exaggerate", kada ka yi ƙari. "He exaggerated the danger", ya kururuta haɗarin. Idan akwai karɓau, kai tsaye yake biyo ta. A hira akan ji "exaggerate about", kuma ba a ɗauke shi kuskure ba, amma "exaggerate on" ba Turanci ba ne. Wani abin da ke ruɗa Bahaushe shi ne, a Hausa muna cewa "ta zuzuta shi", mutum ne karɓau. Turanci ba ya cewa "She exaggerated him", sai an ambaci abin da aka zuzuta a tare da shi, dukiyarsa ko iliminsa ko nasarorinsa: "She exaggerated his achievements." Akwai kuma "over-exaggerate" da ake yawan ji. Tana cikin wasu ƙamusoshi, amma maimaici ne, tun da ƙarin yana cikin kalmar tun asali, kuma mai gyaran rubutu zai soke "over" ɗin.

Sunan yana zuwa a wasu tsayayyun jimloli da ya kamata a haddace. "It is no exaggeration to say that" ana amfani da ita ne kafin magana mai nauyi, daidai da "ba ƙari ba ne idan aka ce". "Without exaggeration" kuma kamar mu ce "ba tare da ƙarin gishiri ba". Mai wuyar ita ce "Its importance cannot be exaggerated", ko 'yar'uwarta "cannot be overstated". Ma'anarta abin yana da muhimmancin da duk yadda ka yaba shi ba ka kai ba. Yabo ne matuƙa, ba gargaɗi ba. Turawa kansu na kifar da ita su ce "cannot be understated" ko "cannot be underestimated", wanda in an bi lissafinsa yana cewa abin ba shi da wani muhimmanci ko kaɗan. Idan ana son gargaɗi, "should not" ake sawa: "The risk should not be exaggerated", kada a kururuta haɗarin.

Akwai kalmomi uku masu kama da ita a ido da kunne. "Exacerbate" da "aggravate" na nufin ƙara tsananta abu, "exasperate" kuma ƙular da mutum har ya gaji. Gwajin mai sauƙi ne: shin abin ne da kansa ya ƙaru, ko labarinsa? "The drought exacerbated the food shortage", fari ya ƙara tsananta ƙarancin abinci, yunwa ta ƙaru da gaske. "The report exaggerated the food shortage", rahoton ya kururuta ƙarancin, rumbu yana yadda yake.

Ba mutum kaɗai ke "exaggerating" ba, kuma a nan ne kalmar ke fita daga batun gaskiya da ƙarya gaba ɗaya. Taswirar duniya da Gerardus Mercator ya zana a 1569, wadda har yau ake rataye irinta a azuzuwa, tana kumbura ƙasashe gwargwadon nisansu da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A kanta tsibirin Girinlan yana kusan kai girman Afirka, alhali Afirka, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 30 da ɗoriya, ta ninka shi kusan sau 14. Bature zai ce "The map exaggerates the size of Greenland" ba tare da ya zargi kowa ba. Mercator don matuƙa jiragen ruwa ya yi ta, don layin da suka ja a miƙe ya ba su alƙibla ɗaya, kumburin kuma shi ne farashin hakan.

Ɗaliban labarin ƙasa ma suna da nasu, "vertical exaggeration", wanda kan fito a tambayoyin aikin taswira. Idan za a zana yadda ƙasa take hawa da sauka tsakanin wurare biyu, da za a yi amfani da ma'auni ɗaya a kwance da a tsaye, duwatsu za su baje su zama kamar layi. Sai a ƙara wa tsayin da gangan, a kuma rubuta yawan ƙarin. Misali taswira mai ma'aunin 1:50,000, aka zaɓi santimita 1 ta wakilci mita 100 a tsaye. Mita 100 santimita 10,000 ce, ma'aunin tsaye ya zama 1:10,000. A raba 50,000 da 10,000, a sami 5. An ninka tsayin sau biyar ke nan. Inda ake faɗuwa shi ne mantawa da mayar da mita zuwa santimita, sai ɗalibi ya raba 50,000 da 100 ya fito da 500. Amsar kuma ba ta ɗaukar mita ko santimita, ninki ne kawai.

A takardun asibiti sai an yi hattara. "Exaggerated reflexes" na nufin likita ya ƙwanƙwasa jijiyar ƙasan gwiwa da 'yar gudumarsa ƙafa ta harba fiye da ƙima, abin da kan nuna matsala a ƙwaƙwalwa ko laka. Ba a ce majiyyaci yana ƙari ba, jikinsa ne ya amsa fiye da yadda ya kamata. Amma idan aka rubuta "symptom exaggeration", wannan zargi ne cewa yana ƙara wa ciwonsa, kuma a shari'ar neman diyya yana iya jawo masa asara.

Sai ƙanwarta ta adabi, "hyperbole". Daga Girkanci take, "hyper" ƙetarewa da "ballein" jifa, wato jifan da ya zarce inda aka nufa. Gaɓa huɗu ce, hai-PA-ba-li, e ta ƙarshe ana furta ta kamar a "catastrophe" da "epitome". Karanta ta "haipabol" kuskure ne da ba baƙi kaɗai ke yi ba. A 2011 Firaministar Ostireliya Julia Gillard ta furta ta haka a wata hira ta talabijin, 'yan jarida suka yi ta yi mata tsiya. Kada kuma a haɗa ta da "hyperbola", lanƙwasasshen layin nan na lissafi, duk da cewa tushensu ɗaya kuma sifa ɗaya suke rabawa, "hyperbolic".

Abin da ya raba "hyperbole" da sauran ƙari shi ne mai magana da mai sauraro duk sun san ba a zahiri ake nufi ba. Ita ce kambamawa a nazarin adon harshe na Hausa. "Na faɗa maka sau dubu", "yunwa za ta kashe ni", "jama'a ba masaka tsinke": babu wanda zai je ya ƙirga ko ya nemi tsinke. Turanci na cewa "I've told you a million times", "I'm starving", "It weighs a ton". Mai fassara ya lura, miliyan ɗin Bature dubun Bahaushe ce, kuma idan ya bar ta miliyan maganar za ta yi baƙunta.

Wanda ya yi karatun balaga a zaure zai gane wurin nan da sauri, don malaman Larabci sun kasa mubalaga, wato kambamawa, gida uku. Tabligi shi ne abin da hankali ya yarda zai yiwu kuma an saba gani. Igraƙi, hankali ya yarda amma ba a saba gani ba. Guluwwi, hankali da al'ada duk sun ƙi shi, kuma malaman sun fi karɓarsa idan an sassauta shi da kalmar Larabci irin "kada", wato ya yi kusa, aikin da "almost" ke yi a Turanci. Idan aka dubi rabon ta fuskar yaudara, sai a ga na ƙarshen shi ya fi zama lafiya, domin ba mai gaskata shi. Haɗarin yana matakin farko. Wanda ya ce taron ya tara duk mutanen duniya ya yi "hyperbole". Wanda ya ce ya tara mutum 10,000 alhali 4,000 ne ya yi "exaggeration" irin wanda ke shiga jarida ya zauna.

Kalmar "literally", wadda asalinta ke nufin a zahiri, ita ma an daɗe da ja ta cikin wannan aiki: "I literally died laughing", na mutu don dariya. Masu tsaurin ra'ayi na ƙorafi a kai, ko da yake akwai misalanta a rubuce tun ƙarni na 18 kuma manyan ƙamusoshi sun shigar da ita. A hira ba laifi. A rahoto ko takardar jarrabawa gara a bar ta ga ma'anarta ta asali.

Kotunan Ingila sun ja iyaka tsakanin kambamawa da alkawari a wata shari'a da ɗaliban lauya a Najeriya ke karantawa a darasin yarjejeniya. A 1891, lokacin da mura mai tsanani ke yawo, kamfanin Carbolic Smoke Ball ya tallata wata ƙwallon roba mai bututu da ake shaƙar magani daga cikinta. Tallar ta ce duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana tsawon mako biyu kuma murar ta kama shi, za a ba shi fam 100, har ta ƙara da cewa an ajiye fam 1,000 a bankin Alliance don nuna da gaske ake. Louisa Carlill ta saya, ta bi ƙa'ida, murar ta kama ta a Janairun 1892, kamfani ya ƙi biya. Cikin hujjojinsa har da cewa maganar "mere puff" ce, zaƙin bakin 'yan talla da ba mai ɗauka da gaske. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi, kuma ajiyar bankin ce ta kashe su: wanda ya faɗi adadi, ya gindaya sharaɗi, ya ambaci inda kuɗin yake, ya fita daga kambamawa ya shiga alkawari. Har yau a kan wannan layi ake tafiya. "Shayin da ya fi kowane daɗi a duniya" ba a kai shi kotu, don ba a iya auna shi. "Yana warkar da ciwon suga cikin kwana 14" magana ce da za a iya gwadawa, don haka za a iya kama mai ita.

Ƙarin da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ba ya taɓa adadi, sai ƙaramar kalma guda. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da masu bincike a Jami'ar Cardiff suka jagoranta, inda suka duba sanarwar manema labarai 462 kan binciken lafiya da manyan jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011, suka gwada su da ainihin takardun binciken. Kashi 40 cikin ɗari sun ba da shawarar da ta zarce abin da binciken ya faɗa. Kashi 33 sun mayar da alaƙa ta zama sanadi. Kashi 36 sun ɗauki sakamakon gwaji a kan dabbobi sun ɗora wa mutane. Kuma inda sanarwar ta yi ƙarin mayar da alaƙa sanadi, kashi 81 na labaran jaridun da suka biyo baya sun yi irinsa, inda ba ta yi ba kuwa kashi 18 kacal. Yawancin gishirin tun daga ofishin jami'a aka zuba shi.

A Turanci wannan hawan matakai uku ne: "is associated with", "can cause", "causes". Na farko yana cewa an ga abubuwa biyu suna tafiya tare, na biyu ɗaya yana iya jawo ɗaya, na uku yana jawo shi. Mai fassara labarin lafiya zuwa Hausa da ya ga na farko ya rubuta "yana haddasa" ya tsallake matakai biyu ba tare da ya canja lamba ko ɗaya ba. "Yana da alaƙa da" ita ce daidai, kuma idan ɓeraye aka gwada, kalmar ɓeraye ta fito tun a kanun labarin.